Kwalliyar Ido a Lokacin Kaka da Shigowar Hunturu

Jawabin da aka gabatar a taron ɗalibai mata na farkon zangon karatu



An nemi in yi magana a kan kwalliyar ido ta yau da kullum wadda ta dace da wannan lokaci na kaka. Na ga waɗansu daga cikin maza da ke zaune a baya suna murmushi, watau a ganinsu wannan ba zancen da za a kawo zauren jami'a ba ne. Ina roƙonsu su ɗan yi haƙuri, domin yawancinsu an ranbaɗa musu kwalli tun ba su yi kwana bakwai a duniya ba, kuma 'ya'yan da za su haifa ma haka za a yi musu.

Mujallun mata na Ingila da Faransa suna da al'adar canza launin kwalliya duk sa'ad da yanayi ya juya. Daga watan Satumba zuwa Nuwamba, lokacin da ganyen itatuwansu ke ja yana zuba, sai su ce a koma ga launin ƙasa-ƙasa da ruwan zinariya. Wannan sha'aninsu ne da yanayin ƙasarsu. Mu kakarmu daban take. Ruwa ya ɗauke, an yanke gero, dawa ta nuna, daga nan kuma sai iskar hunturu ta taso daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙurar da mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi take fitowa. Iska ta bushe, leɓe ya tsage, ido ya riƙa ƙaiƙayi. Saboda haka abin da ya kamata mu fara tambaya shi ne, me za mu sa wa idon da zai wuni cikin ƙura ba tare da mun ƙara masa wahala ba.

Bari in fara da kwallinmu na gargajiya, wanda waɗansu ke kira tozali, Yarabawa kuma su ce tiro. Tsohon abu ne ƙwarai. Mutanen Masar na zamanin Fir'auna sun yi amfani da shi shekaru dubbai da suka wuce, kuma har yau ana ganin tandunansu a gidajen adana kayan tarihi. Amma mene ne shi? Dutsen nan mai ƙyalƙyali da iyayenmu ke saya a kasuwa su niƙa, mafi yawansa ma'adinin da masana ke kira galena ne, watau haɗin dalma da farar wuta. Ana haƙo irinsa a wajejen Abakaliki da kuma Zurak ta Jihar Filato. Mutane da yawa sun ɗauka shi ne ismid da aka ambata a littattafan addini, alhali kuwa ismid ma'adinin antimoni ne, kuma gwaje-gwajen da aka yi wa kwallin kasuwa a ƙasashe daban-daban sun sha nuna cewa dalma ce ta fi yawa a cikinsa, ko da an rubuta wani suna a jikin kwalbar.

A shekarar 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka suka sami dalma fiye da kima a jinin wani jariri ɗan wata shida wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne. Aka bincika gidan, ba a sami komai a fenti ko a ruwa ba. Da aka auna kwallin da ake sa masa, sai aka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta buga rahoton a 2012. Yadda gubar ke shiga kuwa ba wuya: yaro ya murza ido ya kai hannu baki, ko kuma hawaye ya wanke kwallin ya bi ta 'yar kafar da ta haɗa ido da hanci ya gangara maƙogwaro. Dalma tana taruwa a jiki, tana daƙushe ƙwaƙwalwar yaro, kuma mai ciki tana iya miƙa ta ga ɗan da ke cikinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani ƙanƙanin adadinta da aka sani marar illa. Mun ga ƙarshen abin da take iya yi a Zamfara a 2010, inda yara wajen 400 suka mutu. Wancan daga niƙan dutsen zinariya ne, ba daga kwalli ba, amma gubar ɗaya ce.

Na san wannan magana tana da nauyi, domin kaka ko gwaggo da ta ɗauko tandu a ranar suna, ƙauna ce ta sa ta. Duk da haka ra'ayina a fili yake: kada a sa wa jariri kwallin dutse, mai ciki da mai shayarwa su ma su ajiye shi. Ku da kuka yi karatu, ku ne za ku kai wannan bayani gida, cikin ladabi.

To, me ya rage wa mai son ado? Da yawa. Fensirin ido na kanti mai kyau da baƙin gawayi ko tsatsar ƙarfe ake rina shi. A duba lambar rajistar NAFDAC a jikinsa, a guji wanda babu bayanin abin da aka haɗa shi da shi. Da safe a wanke hannu da fuska, a shafa man kaɗanya ɗan kaɗan a fatar ido, a bari ya shiga. In mai ya yi yawa, ƙura ce za ta manne, kafin azahar kwalliya ta zama taɓo. Sa'an nan a ja siririn layi a gindin gashin ido na sama, daga tsakiya zuwa gefe, a ɗan murza shi da yatsa don ya yi laushi. A bar cikin ido, wurin nan mai danshi da muka saba zizara wa tsinke, domin a nan ne ƙofofin da ke fitar da maiƙon da ke hana hawaye bushewa suke, kuma toshe su a lokacin hunturu neman jan ido ne. Launin ƙasa mai duhu ya fi baƙi wuluk dacewa da aji ko ofis, kuma ko ya ɗan goge ba ya nuna muni. Gira kuwa a taje ta, a cike gurbin da ya yi sako-sako da jagira, a tsaya a nan. Masu aske ta ƙwal su zana wata a goshi, sai dai in tuna musu abin da Hausawa suka ce game da wadda ta tafi neman gira. Maskara shafa ɗaya ta isa, kuma in ta kai wata uku da buɗewa a jefar da ita. Duk wannan bai fi aikin minti biyar ba, ba zai hana kowa lacca ta ƙarfe takwas ba.

Akwai wata ɗabi'a ta ɗakunan kwanan ɗalibai da dole in taɓa, watau aron fensiri. Mutum shida a ɗaki, fensiri ɗaya na zagayawa. Ciwon idon nan da muke kira afolo, wanda ya fara ɓulla a Ghana a 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 ya sauka a wata, ta hannu da tawul da irin wannan aro yake yaɗuwa. In ya kama ki, ki daina kwalliya har ido ya warke, ki jefar da kayan da kika yi amfani da su, ki je asibitin makaranta. Kada ki ɗiga wa idonki ruwan albasa ko wani haɗin da aka ba ki a ɗaki.

Da dare kuma, komai gajiya, a goge. A ɗiga man zaitun a auduga, a rufe ido a share daga ciki zuwa waje, audugar kowane ido daban, sa'an nan a wanke da ruwa mai ɗumi. Masu sa gilashin nan da ake manna wa ƙwayar ido su cire shi tukuna kafin su fara gogewa.

Shugaba, na ga kina duban agogo. In akwai tambaya ina saurare.