Ƙidaya da Ƙaura: Waɗanda Lissafi Yake Tsallakewa a Kudancin Kano



Batun da aka ɗora mini shi ne binciken da masana suke yi a kan yawan jama'a, da lafiyarsu, da ƙaurarsu, da kuma ratar da ke tsakanin mai shi da marar shi. Zan taƙaita a kan ƙananan hukumomi huɗu na kudancin Jihar Kano, watau Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa. Kuma da yake harshe ne fannina, ta ƙofar harshe zan shigo.

Mu fara da ƙasar kanta. Wannan yanki ya fi arewacin jihar samun ruwan sama, shi ya sa masara da shinkafa da rake suke yin kyau a cikinsa. A ƙasar Bebeji aka gina madatsar ruwa ta Tiga tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Dajin Falgore ya mamaye babban sashe na Doguwa da Tudun Wada, sa'an nan ga Riruwai, garin da aka daɗe ana haƙar kuza. Bisa ga ƙidayar 2006, wadda ta ba Jihar Kano mutum kusan miliyan 9.4, Kiru tana da mutum sama da 260,000, Doguwa kuwa kimanin 150,000, alhali Doguwa ta fi Kiru faɗin ƙasa. Ma'anar wannan ita ce, mutumin Doguwa yakan yi tafiya mai nisa kafin ya kai ga asibiti ko makaranta. Adadin kawuna kaɗai ba ya nuna wannan wahala.

To, me bincike ya ce a kan lafiya? Binciken jama'a da lafiya na ƙasa baki ɗaya da aka yi a 2018 ya nuna cewa, a Nijeriya, cikin yara 1,000 da aka haifa, 132 ba sa kai shekara biyar. A shiyyar Arewa maso Yamma adadin ya kai 187. Haka nan matsakaicin haihuwar mace ɗaya 5.3 ne a ƙasa, amma 6.6 a shiyyar tamu. Sai dai irin wannan bincike iyakarsa matakin jiha. Yakan haɗa matar babban ma'aikaci a Nasarawa da matar makiyayi a gefen Falgore, ya fitar da lamba ɗaya. Wannan lamba ba ta kowa ba ce a cikinsu.

Dangane da ƙaura kuwa, Bahaushe bai taɓa kiran ta da suna ɗaya ba. Akwai cin rani, watau fita neman kuɗi bayan an kau da amfanin gona, a komo da faɗuwar damina. Akwai fatauci, akwai almajiranci, akwai tashin Fulani da garkensu, akwai kuma ƙaurar dole. Baturen nan Mansell Prothero ya ƙirga sama da mutum 250,000 da suka fita daga lardin Sakkwato a ranin 1952 zuwa 1953, daga baya kuma ya nuna yadda zirga-zirgar mutane take wahalar da yaƙi da zazzaɓin cizon sauro. Kudancin Kano yana da kowane iri. Samari suna tafiya birnin Kano da Kaduna da Abuja da Ikko, 'yan ƙodago kuma suna shigowa lokacin girbi. Ruwan Tiga ya ta da dubban mutane daga garuruwansu na gado. Idan takardar tambaya ta tattara duk waɗannan a ƙarƙashin kalma ɗaya, to, ta gauraya mai neman riba da wanda yunwa ta kora.

Ga abin da ya fi muhimmanci. Polly Hill, a nazarinta na Ɗorayi da aka buga a 1977, ta nuna cewa a ƙauye ɗaya akwai manomin da talauci ya hana shi noman gonarsa, domin dole ya yi ƙodago a gonar wani kafin iyalinsa su ci na yau. Tina Wallace, wadda ta yi nazarin aikin noman rani na Kogin Kano, ta ga cewa mai jarin sayen taki da biyan 'yan aiki shi ya fi cin moriyar ruwan Tiga. Daɗin daɗawa, ruwan da ke kwance a magudanai matattara ne ta sauro da dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya, kuma wanda yake wuni a cikin ruwan shi yake kwasar ciwon. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ina harshe ya shigo? Kowane adadi da na ambata, asalinsa tambaya ce da wani ya yi wa wani a zaure ko a tsakar gida. Idan aka ce da mutum, "Ku nawa ne a gidan nan?" zai iya nufin duk wanda ke cikin katanga, ko kuwa masu ci daga tukunya ɗaya. Ɗan da ya tafi cin rani, a nan za a sa shi ko a can? Almajirin da aka kai wani gari fa? Mace Bahaushiya tana kunyar ɗan fari, ba ta ko kama sunansa. Jaririn da ya koma kafin ranar suna, da wuya uwa ta lissafa shi ga baƙo. Saboda haka waɗanda suka fi zubewa daga lissafi su ne matafiya, da jarirai, da mazauna rugage, watau dai waɗanda suka fi kowa bukatar a san da su. Kuma da yake da yawan jama'a ake auna wani kaso na kuɗin da ake raba wa jihohi da ƙananan hukumomi, da shi ake tsara maganin rigakafi da ajujuwan makaranta, wanda ba a ƙirga shi ba, ba a raba da shi.

Ina da roƙo biyu. Ku ma'aikatan hukuma, rajistar haihuwa da mutuwa, da littattafan da ake cikawa a ƙananan asibitoci, su ne kaɗai za su iya gaya mana halin Kiru daban da na Doguwa. Ku riƙe su da gaskiya, ku yi aiki tare da dagatai da masu unguwanni da ungozomomi, waɗanda suka san kowace haihuwa da kowace jana'iza. Ku ɗalibai kuwa, musamman 'yan asalin wannan yanki, kada ku raina ƙauyenku a matsayin fagen nazari. Kun san inda kunya take, kun san yadda ake tambayar tsohuwa ta amsa. Wannan ilimi ne da ba a sayo shi daga waje.

Allah ya sa mu dace.