Dajin Falgore da Haƙƙinsa a Kan Mutanen Birni

 

Bari in fara da sunayen unguwanninmu: Durumin Iya, Rimin Kira, Kurna, Ɗorayi. Kakanninmu da itatuwa suka yi wa wuraren zamansu suna. A yau sai ka tambayi yaron Rimin Kira siffar rimi ya yi shiru. Wanda ke son ganin itatuwan ƙasar Kano a cike, sai ya kama hanyar Jos, ya yi tafiyar kilomita kamar 150, ya shiga dajin Falgore, a yankin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, daf da duwatsun Riruwai.

An keɓe wannan daji tun shekarun 1940 da sunan Kogin Kano, daga baya aka mai da shi gandun namun daji. Doka ce ta fi yawa, sannan ga maɗaci da kawo da maje da kaɗanya da ɗorawa da tsamiya. Sassaƙen maɗacin da iyayenmu mata ke saye a Kasuwar Kurmi, da man kaɗe, da daddawar miya, duk daga irin waɗannan itatuwa suke fitowa. Na namun daji kuwa, an san dajin da gwanki da ɓauna da gada da mugun dawa da gogo. Farauta ba ƙa'ida da gatarin masu gawayi da wutar daji sun rage su matuƙa, har yaranmu ba su san gwanki ba sai a karin magana.

Wani zai ce ina ruwan ɗan birni da daji? Ruwan ne ma dalili. Kogin Kano ta cikin Falgore yake ratsowa kafin ya zuba a madatsar Tiga, wadda aka gina zamanin Gwamna Audu Bako. Daga nan ake noman rani a Kadawa da Kura, kuma daga kogin nan ake tace wani kaso na ruwan famfon birni. Idan aka sare itatuwa, ruwan sama yakan kwashe ƙasa ya jibge ta a madatsa, sai ta cike da yashi.

A 2020 Gwamnatin Tarayya ta sa Falgore cikin dazuzzuka 10 da ta amince a mayar gandun ƙasa, irin na Gashaka Gumti. Amma takarda ba ta hana gatari sara.

Saboda haka ina roƙon kwamitin ilmi ya nemi izinin hukuma, a kai ɗaliban firamarenmu dajin in hali ya yi. Ku kuma mazauna nesa, kowa ya ɗauki nauyin dashe biyar a makarantar unguwarsu da daminar bana, haɗe da kuɗin shinge, don awakin birni ba sa barin tsiro.