Jawabi: Me Ya Sa Jakin Dawa Yake Da Zane A Jiki?



Yau za mu yi magana ne kan jakin dawa, dabbar nan ta gabashi da kudancin Afirka, mai zanen fari da baƙi. Wani zai ce, to mu ina ruwanmu da shi? Ku ɗan yi haƙuri, maganar za ta biyo ta kan shanunmu.

Masana sun daɗe suna gardama kan amfanin wannan zane. Wasu suka ce don ya ɓuya cikin ciyawa ne, wasu suka ce don ya rikita zaki, wasu kuma suka ce sanyaya jiki yake yi. Amma ai zaki bai fasa cin jakin dawa ba.

A shekarar 2014 wani masani mai suna Tim Caro, na Jami'ar Kalifoniya a Amurka, shi da abokan aikinsa suka duba inda dangin doki da jaki suke zaune a daji. Sai suka ga zanen ya fi yawa a wuraren da ƙudaje masu cizo suka yi yawa. A 2019 kuma suka rufa wa dawakai mayafi mai zane a wata gona a Ingila. Ƙudan yakan taho da gudu, amma ya kasa rage gudun ya sauka, sai ya wuce ko ya yi karo. Wato zanen rikita masa ido yake yi.

A wannan shekarar dai, masu bincike a Japan suka shafa wa baƙaƙen shanu farin fenti layi-layi. Ƙudajen da ke sauka a kansu suka ragu da kusan rabi.

Jama'a, mu da muke kawo shanu Kudu mun san ɓarnar tsando, mun san yadda sammore ke ramar da sa har kuɗinsa ya faɗi a kara. Ba cewa muke kowa ya je ya sayo fenti ba. Shanun da aka gwada kaɗan ne, fentin kuma gogewa yake yi. Maganin dabbobi yana nan a matsayinsa, kada a bar shi.

Abin da muke roƙo shi ne mu ƙarfafa wa yaranmu karatun kimiyya da likitancin dabbobi, don gobe su gwada irin wannan a kan shanunmu.