Kiskadin Ɗalibi a Gidan Haya

 

Duk wanda ya ce Zariya garin ilimi ce bai yi ƙari ba. Kwalejin Barewa ta dawo nan tun 1949, Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a Samaru a 1962, ga reshenta a Kongo, ga zaurukan malaman cikin birni da suka girme su duka. Amma yaron da ke shirin rubuta WAEC ko NECO a Zabi, ko yarinyar da ke haƙon JAMB a Sabon Gari, ba su da kujera a Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim da ke jami'ar, komai kusancinsa da gidansu. Karatunsu a gida yake. Su kansu ɗaliban jami'a sun ɗanɗana wannan: a 2020 annobar korona ta rufe makarantu, a 2022 kuma yajin aikin ASUU ya zaunar da su wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba.

To, wane irin gida ne? Sau da yawa gidan haya ne, ciki da falo, tsakar gida ɗaya ga iyali huɗu ko biyar. Bayan magariba uwa na kwashe tuwo, ƙanne na rigimar wanda zai riƙe waya, maƙwabci ya tayar da janareto saboda an ɗauke wuta. Ga ɗalibar nan a bakin gado, littafin lissafi a cinya, ta kai tsakiyar tambaya sai a ce, "Ke Yaya, karɓo mana magi a shago." Ta dawo, ta nemi inda ta tsaya, ba ta gama tuna yadda ta faro ba sai ga wani aiken. Ranar da sakamako ya fito a ce ba ta da ƙoƙari. Wannan hukunci ba adalci a cikinsa.

Magabata sun san wannan matsala, sun kuma yi mata magani. Gardawan tsangaya suna da kiskadi: su fita bayan gari, kowa ya kama gindin bishiya ko ya kafa 'yar bukka, daga shi sai allonsa, har hadda ta zauna. Ba gini suka yi ba, ba kuɗi suka kashe ba. Wuri suka ware, suka ware lokaci, jama'a kuma suka san wanda ya tafi kiskadi ba a bin sa da hira. Abu na ukun nan shi ne ya fi ƙaranci a gidajen yau, kuma shi kaɗai ne ba a saya a kasuwa.

Hayaniya ba ƙaramar ɓarna take yi ba. A 1975 wata masaniya mai suna Arline Bronzaft ta binciki wata makarantar firamare a birnin New York na Amurka, wadda layin dogo ya bi ta gefenta. Ta tarar 'yan aji shida da ke ɓangaren jirgin sun koma baya a karatu da kusan shekara guda, in an gwada su da takwarorinsu na ɓangaren da ba ƙara. Da aka sa roba a layin dogon, aka gyara rufin azuzuwan, sai bambancin ya gushe. Mutanen Sabon Gari, garin da ya tashi a gefen tashar jirgi, da masu gida a bakin titin Sakkwato inda tireloli ke kwana wucewa, ba sa buƙatar dogon bayani. Abin yi shi ne a duba gidan, a ba ɗalibi kusurwar da ta fi nisa da titi, da talabijin, da janareto, ko da lungun zaure ne. Ƙaramin tebur da benci daga wajen kafinta sun isa, a juya su su fuskanci bango. Littattafai su zauna nan cikin kwali ko tsohuwar akwati, don kada neman biro ya cinye rabin sa'a.

Sai waya. A nan akwai sarƙaƙiya, domin tun 2015 JAMB a kwamfuta ake rubuta ta, tsoffin tambayoyi a waya suke, malamai ma ta WhatsApp suke tura aiki. Ba za a ce a raba ɗalibi da ita ba. Sai dai a 2017 masu bincike ƙarƙashin Adrian Ward na Jami'ar Texas sun gwada ɗalibai kusan 800: wasu waya na kan tebur, wasu a aljihu ko jaka, wasu a wani ɗaki. Waɗanda tasu ke wani ɗaki su suka fi ƙoƙari a gwajin, alhali an umarci kowa ya kashe ƙararta. Don haka ɗalibi ya sauke abin da yake buƙata tun da rana, ya kwafe tambayoyin a takarda, ya miƙa wa mahaifiyarsa wayar har ya tashi. Wanda yake haska littafi da tocilar waya kuwa ya riga ya gayyato TikTok kan teburinsa. Fitilar caji ko ƙaramar ta sola, wadda aka ware don karatu kaɗai, ta fi wa gida amfani da sabon takalmin sallah.

Lokaci ma wuri ne. Gidan da ba ya yin shiru da dare yana yi bayan sallar asuba, kafin 'yan acaba su fito, kafin a hura wuta. Sa'a guda a wannan lokaci, kullum ba fashi, ta fi kwana a zaune ana gyangyaɗi saura mako ɗaya jarrabawa. Da hunturu a tanadi rigar sanyi, da damina a tanadi maganin sauro.

Nauyin da ya rage a wuyan iyaye yake, musamman game da 'ya'ya mata. Namiji yana iya sulalewa masallaci ko aji bayan an tashi makaranta, ko ya tafi gidan aboki. Mace tana gida, kuma hannunta ne ya fi kusa da wanke-wanke, da goyon ƙani, da aike. In maigida ya tara iyalinsa ya ce daga isha'i zuwa ƙarfe tara ba mai aiken Yaya, ba mai kunna kallo, ya ba ta abin da kuɗin lesin ba za su saya ba. Aikin gida ba zai tsaya ba, a gama shi da wuri ne kawai, a raba shi har da maza.

A gidan haya kuma magana ta wuce iyali ɗaya. Masu gida da 'yan haya za su iya zama su daidaita: janareto ya koma bayan gida, zaure ya zama na masu jarrabawa daga magariba, babba ɗaya ya riƙa leƙa su. Masu unguwanni da limamai a Zabi da Samaru da Sabon Gari su ne suka fi kowa iya kiran irin wannan zama, kuma lokacin kiransa shi ne farkon zangon karatu, tun kafin a liƙa jadawalin jarrabawa.