Jawabi Ga Masu Neman Tsofaffin Kuɗi A Ƙasar Mubi



A 'yan shekarun nan wasu samari sun shiga sha'awar yawo da na'urar nan mai ƙara in ta ji ƙarfe a ƙarƙashin ƙasa, suna bin kufai da tsofaffin kasuwanni. Sha'awa ce mai kyau, amma akwai abin da ya kamata a sani.

Ƙasar Mubi ta ga kuɗi iri-iri. Jamusawa sun mallake ta tun 1903, Ingilishi suka karɓe ta a Yaƙin Duniya na Farko, sa'an nan ta shigo Nijeriya a 1961 bayan ƙuri'ar raba gardama. Kowace gwamnati ta zo da nata kuɗin. Saboda haka mai nema yana iya tarar da kuɗin Jamus, ko anini mai huji, ko sule da sisi na kafin zuwan naira a 1973, ko kuwa liyari, wato azurfar nan mai hoton sarauniya Mariya Tereza wadda fatake suka riƙa kawowa.

To, a lura da liyari. Yawancinsa 1780 aka rubuta a kai, alhali an ci gaba da buga shi da wannan shekara har ƙarni na 20. Ashe rubutun ba zai gaya mana ranar da aka binne shi ba. Sai wurin da aka same shi, da zurfin ramin, da tukunyar da ke ɗauke da shi. Wanda ya fasa tukunyar, ya kai azurfar wa maƙeri a narke, ya shafe labarin kakanninsa da hannunsa.

Doka mai lamba 77 ta 1979 ta hana haƙar kayan tarihi ko fitar da su waje ba da izni ba. Wanda ya tsinci irinsu, sai ya sanar da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da Sakataren Ƙaramar Hukuma cikin kwana 7. Kada a goge kuɗin da toka ko tsamiya.

Wani abu kuma, an yi yaƙi a Mubi a 2014, na'ura kuwa ba ta bambanta anini da harsashi. In ƙarfen da ya leƙo ba ku gane shi ba, ku ja da baya, ku yi wa wurin alama, ku gaya wa mai unguwa da 'yan sanda.