Ɗiban Gwamna da Haƙƙin Tunawa



Wanda Allah Ya nufa da ziyartar tsibirin Robben a Afirka ta Kudu, inda Nelson Mandela ya shafe shekara 18 a tsare, aka sa shi fasa dutsen farar ƙasa har ƙyallinsa ya raunana masa ido, zai tarar an mai da kurkukun gidan tarihi tun 1997, kuma tsofaffin fursunoni na cikin masu zagayawa da baƙi, suna ba da shaida da bakinsu, wanda kuwa ya fi kowane rubutun allo ratsa zuciya.

To, mu ma muna da namu. Yayin da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, kuza ya yanke wa Ingila ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, sai hukumar mulkin mallaka ta ɗora wa lardunan Arewa, har da Zazzau, nauyin kawo lebura ta hannun hakimai da dagatai, aka kwashi dubban talakawa daga gonakinsu zuwa ramukan kuza na Jos, inda hunturu da ƙarancin abinci da cuta suka halaka da yawa, kafin a soke dokar aikin tilas ɗin a 1944. Sunan da talaka ya raɗa wa abin, ɗiban gwamna, bai bar wata shubuha ba.

Akwai gidan tarihi a Jos tun 1952, alhamdu lillahi. Amma a ganina riwayar dattawa ta fi gaggawa, domin masu ita ƙarewa suke yi. Ya kamata malaman makarantunmu su tura ɗalibai zaurukan unguwanni, su rubuto abin da aka ji daga iyaye, da isnadinsa.