Inda Cutar Kaji Take Ɓuya



A ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum, kaza ita ce asusun matar aure: da ita ake fita kunyar baƙo, da kuɗinta ake sayen magani. In annoba ta share akurki, akan ce iska ce ta zo ta wuce. Alhali kuwa sau da yawa cutar ba ta tafi ko'ina ba, tana nan cikin gida.

Ƙwayoyin bakteriya, watau halittun da ido ba ya gani sai da madubin likita, suna da maɓuya uku. Ta farko jikin kazar da ta warke. Ƙwayar Salmonela mai kawo taifot ɗin kaji, da Pastorela mai kawo kwalararsu, sukan zauna cikinta tana kiwo lafiya lau, tana yaɗa su. In an kai ta kasuwa, an kai cuta wani gari. Ta biyu ƙwai: wani jinsin Salmonela yakan shige shi tun yana cikin uwa, sai tsako ya fito da farin zawo ya mutu. Ta uku kashin kaji da kaskon ruwa. Salmonela tana iya yin watanni cikin busasshen kashi, yauƙin da ke gindin kasko kuwa garkuwa ne gare ta.

Sa'an nan akwai laifinmu. Kafson nan ja da rawaya da ake farkewa cikin ruwa ba awo, raunana yake kashewa, masu taurin kai su hayayyafa, har maganin ya daina ci ga kaza da mai ita.

Amma ƙwayar ba gagara-badau ba ce. A 1880 Louis Pasteur na Faransa ya bayyana cewa ƙwayar kwalarar kaji da ta tsufa a kwalba takan yi rauni, in an yi wa kaza allurarta sai ta zama kariya. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924, tana yin irin wannan allura.

Saboda haka a ware sabuwar kaza mako 2, a wanke kasko kullum a shanya shi a rana, a binne mushe, a nemi malamin dabbobi. Rigakafi ya fi magani.